Ɗakin Awon Barci

Ranar da kuka zo gaishe ni, ku ɗaliban koyon aikin lafiya, wani a cikinku ya tambayi aikin da na yi a asibiti kafin in ajiye. Da na ce ina auna barcin masu taɓin hankali, sai na ga kun kalli juna. Na ji abin da mai jar hular nan ya faɗa ƙasa-ƙasa, wai ashe akwai aikin da mutum zai zauna yana kallon wani na minshari, ƙarshen wata a ba shi albashi. Ba shi ne farau ba. Abokan aikina ma haka suka riƙa faɗa, su ne suka laƙaba mini Garba Mai Waya. To ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake, don wanda ya shiga kada ya ce ba a faɗa masa ba.

Ni asalina nas ne, a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a nan Azare. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar salula ke sabon shiga gari, aka turo mana wani likita, Dakta Lawan. Siriri ne mai farin gilashi, ba ya son zaman ofis. Ya zo da wata na'ura da abokan bincikensa na ƙasar waje suka ba shi bayan sun gama yayinta. Girmanta ya kai firijin masu sayar da ƙanƙara, tana kan tayoyi, aikinta ta ɗauki motsin ƙwaƙwalwa ta zana shi a takarda da wasu allurai masu tawada. Abin da Dakta ke nema shi ne wannan: akwai ciwon da ke tafiya ya dawo, mutum ya yi wata da watanni lafiya lau yana sana'arsa, rana ɗaya ya birkice. Shi a ganinsa, kafin ciwon ya fito fili barci ne ke fara lalacewa, kuma idan aka gane yadda yake lalacewa za a tari ciwon tun yana hanya. Ya ce an yi irin wannan bincike a kan Turawa, amma bai san wanda ya taɓa auna barcin manomi ko masuncin ƙasarmu ba, mai kwana a tabarma ya tashi da assalatu. Yana buƙatar wanda zai riƙe masa na'urar. Manyanmu duk suka zame da suka ji ba wani maiƙo a ciki. Ni da ba ni da uban gida a ofis, ni aka nuna.

Kaduna aka tura ni koyo, wurin wata Sista Rifkatu, mutuniyar kudancin Bauchi, wadda ta tsufa a kan irin wannan na'ura. Na je ina jin kaina, nas mai shekaru a bakin aiki. Ranar farko ta miƙo mini ƙwarya a kife, ta zana mata hanci da kunnuwa da gawayi, ta haɗa mini da tef irin na teloli da jan fensir, ta ce in auna. Ana farawa daga gindin hanci, a bi ta tsakiyar kai zuwa ƙashin ƙeya, sannan daga kunne zuwa kunne, a rarraba, a ɗiga alama duk inda waya za ta zauna. Wayoyin sun haura ashirin, kowace da mazauninta. Na yi makonni ina ɗiga wa ƙwarya ja kafin ta yarda in taɓa kan mutum, shi ma kan masu gadi da masu shara. Idan na gama liƙa wayoyin ina ta zufa, sai ta zo ta ɗora yatsa a kan guda ɗaya, ta ce ta goce, ta ɓamɓare duka. Ba ta zagi, ba ta kuma yabo. Magana ɗaya take nanata mini.

"Garba, allura ba ta san ƙwaƙwalwa ba. Duk abin da ya taɓa ta, rubutawa take yi. Rabin abin da ke takardar nan ƙarya ne, aikinka ka san wane rabin."

Gaskiyarta kuwa. Mutum ya ƙifta ido, allura ta yi tsalle. Ya haɗiye yawu, ta yi karce. Fanka na juyawa ko janareta na ruri a bayan ɗaki, alluran duka su ɗauki kyarma. Da bazara zufa kaɗai ta isa ta sa layi ya riƙa lilo kamar na mai barci mai nauyi, alhali mutumin idonsa biyu. Wanda bai sani ba sai ya rubuta wa lafiyayye farfaɗiya, a ɗora shi kan magani har ƙarshen rayuwarsa. Don haka mai riƙe na'ura ido ɗaya yana kan takarda, ɗaya yana kan mai barci, fensir a hannu, yana rubutawa a kan takardar tana tafiya: ya juya, ya yi tari, ƙuda ya sauka masa a goshi, an buɗe ƙofa. Takarda ba ta jiran kowa. Ka tashi kama ruwa, abin da ya wuce ya wuce, sai a sake kiran mutum daga ƙauyensa. Zaman da kuke kira kallon barci ke nan.

Da na dawo Azare aka ba mu wani ɗaki a ƙarshen baranda, da can ma'ajiyar tsofaffin katifu ne. Muka toshe tagogi da barguna, muka sa gadon katako don na ƙarfe yana jawo wa na'ura hayaniya. A bayan taga muka kafa sandar tagulla a ƙasa, muka ɗaura mata waya daga jikin na'ura, ita ke kwashe ƙazantar lantarki. To ƙasar nan kun san ta, rairayi ce, da rani ta bushe ƙamas, sandar ta daina aiki. Maganinta ruwan gishiri. Kullum da safe ni ne da bokiti ina ba ƙarfe ruwa, 'yan uwana nas-nas na wucewa suna tambayar yaushe zai yi 'ya'ya. Alluran kuwa tawada ke daskarewa a bakinsu, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da silin waya siriri kamar gashi. Man da ake liƙa wayoyi da shi ya ƙare tun shekarar farko, muka koma kwaɓa namu da farar ƙasa da gishiri da ɗan mai, yadda Sista ta nuna mini. Takardar a ninke take zuwa kamar zani a adaka, barcin mutum ɗaya na dare guda sai ya cinye abin da ya kai kaurin bulo. Da muka ga za ta yanke mana, muka fara juya ta muna amfani da bayanta.

Akwai wata Bafulatana da aka kawo daga wata ruga a wajen Hardawa, ta daina magana, ta daina cin abinci tun da ta haihu. Kanta kitso ne ƙanana, an shafe shi da man shanu, ga layu a ɗaure a ciki. Waya ba ta kama kan da ke da maiƙo. Sai da wata nas ta zauna da ita wuni guda tana tsefewa, aka wanke da sabulun salo har sau uku. Layun kuwa mijin ya ce ba mai cire su, muka yi ta shawara da shi da ɗan Fillancin da nake ji, aka tsaya a kan a ɗaura mata su a damtse. Nas ɗin ce ta liƙa wayoyin, ni ina gefe ina nuna mata wuri da tsinin fensir. Mijin ya tsaya bakin ƙofa da sandarsa har aka gama. Duk wannan kafin allura ta yi zane ko ɗaya.

Tsoro ne babban abokin gabarmu. Mutane sun ji labarin ana sa wa mahaukata lantarki a kai, da sun ga wayoyi sai su ja da baya. Wasu kuma tsoronsu daban. Wani ɗan kasuwa ya ja ni gefe ya tambaye ni tsakani da Allah ko takardar za ta nuna abin da yake mafarki, don akwai abin da ba ya son iyalinsa su gani. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in fara liƙa wayoyin a kaina, in kwanta, a kunna, su ga ban mutu ba. Rabin shekarun nan da farar ƙasa a gashina nake zuwa masallaci. Yawancinsu da rana muke auna su: a ce wa dangi kada su bar shi ya runtsa daren da zai zo, ba goro, ba shayi, in ya iso sai barci ya kwashe shi. Tsofaffi sai su ɓoye goro a kumatu, ka yi zaman awa da awanni mutum na kallon rufi, allura na rubuta tauna. Waɗanda Dakta ke bi na dogon lokaci kuwa kwana suke yi, mu kwana tare da su, gari ya waye in koma aikin nas, don ba wanda ya rage mini ko allura ɗaya saboda ina aikin bincike.

Amma fa idan komai ya zauna daidai, takardar nan tana magana. Mutum na lumshe ido layukan su daidaita. Barci ya fara ɗaukarsa sai ka ga wasu 'yan zane na tasowa, siriri a farko, ya yi ciki a tsakiya, ya sake sirancewa, sak mazarin kaɗi. Ya nutsa sai layin ya koma manyan tuddai kamar kunyoyin gona. Can kuma sai komai ya koma kamar na mai ido biyu, ƙwayar ido na yawo a ƙarƙashin fata, jiki kuwa ya saki. Barcin mafarki ke nan. Dakta ya nuna mini yadda masu ciwon baƙin ciki ke faɗawa barcin mafarki da wuri, ba su bi matakala ba. Masu ciwon da ke tashi da zumuɗi kuwa, barcinsu gaba ɗaya ke gajarcewa ya yi sama-sama, tun mutanen gida ba su ga komai ba. Haka muka riƙa tarawa, kwali bayan kwali, kowane da sunan mai shi da garinsa.

Malam Bukar a bayan a-kori-kura aka kawo shi daga Katagum, da mari na ƙarfe a ƙafa. Masunci ne, ƙaƙƙarfa, maza huɗu ke danne da shi. Yayansa Alhaji Sabo, dillalin kifi, shi ya yi bayani. Ya ce ciwon na zuwa masa kusan duk shekara, ya yi ta surutu, ya rabar da kayan gida, ya ce shi aka ba mulkin kogi. Sun yi na Hausa, sun yi na malamai, a ƙarshe sai dai su sa masa mari a ɗaure shi a turke a cikin gida har abin ya sake shi. Idon sawunsa duk tabo ne, sabo a kan tsoho. Dakta ya sa aka kira maƙeri ya cire marin a nan bakin ɗakin jinya, aka yi masa allura, aka kwantar da shi. Bayan 'yan makonni sai ga wani mutum daban, mai kunya, mai sanyin murya, yana neman gafarar duk wanda ya tuna ya zaga. Da na auna kansa da tef sai ya yi murmushi ya ce ko hula za a ɗinka masa.

Ranar sallama Dakta ya zaunar da Alhaji Sabo da matar Malam Bukar, Hajara, ya yi musu doguwar magana ina wurin. Ya ce ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma yana aiko da saƙo kafin ya zo. Ya ce wa Hajara ita ce likitan gida: duk ranar da ta ga mijinta ya fara rage barci, ya tashi tsakar dare yana gyaran komar kamun kifi, da safe kuma ba gajiya a jikinsa, kada ta jira ya fara surutu, ta kawo shi. Sannan ya roƙi Alhaji Sabo ya yar da marin. Alhaji ya yi ta jan ƙafa, ya ce likita bai ga abin da suka gani ba. Dakta ya ce ya ɗauki alkawari, muddin suka kawo shi da wuri ba za su sake buƙatar ƙarfe ba. Ni ma na sa baki, na ce ga ni ɗan gari, ba inda za ni. Alhaji ya bar marin a wurinmu. Maƙerin nan ya tafi da shi, na ji ya yi fartanya.

Maganar Dakta ta tabbata. Malam Bukar na zuwa awo duk bayan 'yan watanni, da ƙullin busasshen kifi da ba ya yarda a ƙi karɓa. Wata shekara ana gab da damina sai ga Hajara ta taso shi gaba ba ranar zuwansu ba. Shi yana ta cewa lafiyarsa ƙalau, ita ta ce ƙarya yake, kwana uku ke nan tana jin motsinsa. Muka kwantar da shi. Tuddan nan na barci mai nauyi sun kusa ɓacewa, ya ɗan taɓa ya farka. Dakta ya ƙara masa magani, ya riƙe shi mako guda, barci ya dawo. Shekarar nan ciwo bai tashi ba, ta gaba ma haka. Ya sayi sabon kwalekwale, aka koma ba shi sallah a masallacin unguwa idan liman ba ya nan. Labari ya bazu a Katagum da ƙauyukan bakin kogi, mutane suka fara kawo nasu da kansu, har Alhaji Sabo ke yi musu jagora.

Sai mummunar shekara ta zo, kuma da bazara ta fara. Na'urar tana da nata abin daidaita wuta, don kun san halin wutarmu, ta tafi ba sallama ta dawo da hauka. Na tafi hutun mako guda, wani babba ya aiko aka ɗauke shi aka kai ofishinsa don na'urar sanyaya ɗaki, wai aro. Wanda ya riƙe mini aiki bai lura ba ya jona na'ura kai tsaye. Da na dawo ƙauri ne ya tare ni tun daga baranda. Ba a tuhumi kowa ba. Muka kira mai gyara daga Kano, ya buɗe ya duba ya ce abin da ya ƙone kamfanin ma ya daina yin sa. Dakta ya rubuta wa abokansa na waje, suka amsa da cewa sun ji ba daɗi, amma wa'adin aikin ya cika, hankalinsu ya koma wani ciwon. Ya nema a gida, aka ce ana fama da masu zazzaɓi da masu haihuwa, wa ke ta barcin mahaukata. Ya yi watanni yana zirga-zirga. Ni na san ba don kansa yake yi ba, na ga yadda takalminsa ya cinye. Amma yana da 'ya'ya, kuma wata ƙasar Larabawa ta daɗe tana kiransa. Kafin ruwa ya sauka ya tafi. Ya bar mini mabuɗin ɗakin, ya ce in kula da kwalayen, zai dawo hutu mu zauna mu rubuta abin da muka gano. Ba a turo wani likitan ƙwaƙwalwa a madadinsa ba. Damina na tsakiya kuma aka shiga yajin aiki.

Wata Talata da hantsi aka yi sallama da ni a gida, na fito sai ga Hajara da goyo, ƙafarta duk taɓo. Ta je asibiti ta tarar da ƙofa a rufe, mai gadi ya kwatanta mata gidana. Ta ce Malam ya fara. Maganinsa ya ƙare tun watan jiya, sun zo karɓa aka ce ba mai rubutawa. Yanzu ya daina kwanciya sam, ya gyara komarsa ya gyara ta maƙwabta. Ta yi abin da aka ce ta yi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ni kuwa nas ne, ba ni da ikon rubuta magani. Na ɗauke ta a babur muka je gidan wani likita da ke duba kowane irin ciwo, ya taimaka ya rubuta. Muka zaga kemis-kemis na Azare, allurar da ake buƙata babu, sai ƙwayoyi. Na ce ta tafi da su, gobe ina tafe.

Washegari na shiga motar Katagum. Ruwa ya yi yawa a shekarar, kogi ya cika ya tumbatsa ya shanye gonakin fadama, garin duk maganar ke nan. A bakin ruwa na same shi, ba riga, mutane sun kewaye shi yana ba da umarni. Ya hango ni ya taho da gudu ya rungume ni, ya ce a kawo wa Mai Waya kifi mafi girma. Idonsa ja, muryarsa ta dushe. Ya ce in yi masa murna, Allah ya ɗauke masa barci don ya ba shi aiki, akwai mutane a tsallake da ruwa ya tare, shi zai kwaso su. Na jawo shi inuwa, na lallaɓa, na fito da ƙwayoyin. Ya kalle su ya kalle ni.

"Ina Dakta?"

Na ce ya yi tafiya.

"To idan ya dawo ya ce in sha, sai in sha. Kai aikinka waya."

Na bi ta kowace hanya, ya ƙi. Hajara ta daka ta zuba a kunu, ya ɗanɗana ya zubar. Da la'asar muka zauna da Alhaji Sabo a zaure. Ya ce zai aika a ƙero mari yau ɗin nan. Na ce ya yi haƙuri, ɗauri na ƙara tunzura mai irin wannan ciwo, kuma in aka sa masa ƙarfe ba zai sake yarda da kowa ba. Na ce a nemi mota da maza masu ƙarfi a kai shi Kano, can akwai likitocin ƙwaƙwalwa, zan raka su. Abin da aka koya mini ke nan, kuma ko yau aka tambaye ni shi zan faɗa. Alhaji ya ce to. Motar da za a samu ta tafi kai kifi, sai jibi. Aka sa samari su riƙa gadinsa. Na koma Azare in nemo takardar da za mu tafi da ita.

Samari sun yi gadi iyakar ƙarfinsu, amma su suna barci, shi ba ya yi. Da asubar ranar da za mu tafi aka nemi Malam Bukar aka rasa, aka nemi kwalekwalensa aka rasa. Mutumin da ya san kogin nan kamar tsakar gidansa, da hankalinsa ba zai shiga wannan ruwa ba. Sai bayan kwana biyu masunta suka same shi can ƙasa, gawarsa ta maƙale a cikin ciyawar burugu.

Na je gaisuwa. Na zauna a tabarma cikin mutane, aka yi addu'a, aka shafa. Da zan tashi Alhaji Sabo ya rako ni har bakin hanya. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Garba, shekara nawa muna ɗaure shi, bai mutu ba. Da marin nan na gida, da yanzu yana turke yana zagina."

Na kama hanyar tasha. Ku da kuke karatu yanzu, in akwai amsar maganarsa a littafinku ku zo ku gaya mini.

Da aka janye yajin aiki aka karɓi mabuɗin ɗakin, aka ce ana buƙatarsa. Aka tura na'urar baranda aka rufe ta da buhu, kwalayen kuma aka kai wani ɗaki mai yoyo. Dakta ya yi ta kirana a waya a shekarar farko, ya yi kuka da ya ji labarin Malam Bukar. Daga baya kiran ya koma na sallah, daga nan ya ɗauke. Hutun da zai zo bai zo ba. Ban riƙe shi ba, na san inda ya je ma aiki ne ke cin sa. Wata rana na sayi ƙosai a bakin ƙofar asibiti, aka ƙunsa mini a takarda, na duba sai ga zanen allura da rubutun hannuna a gefe, "ya yi tari". A saman takardar ga sunan wani malamin makaranta, mutumin kirki, wanda ko matarsa ta biyu... a'a, ko abokan aikinsa ba su san ya taɓa kwanciya a wurinmu ba. Wani lebura ne ke ɗiba yana sayarwa. Na je ɗakin, abin da ruwa bai jiƙa ba gara ta ci rabi. Na nemi izinin ƙona su a rubuce, aka ba ni ba tare da an karanta ba. Na kwashe sauran a baro na kai bayan katanga na cinna musu wuta. Aikin shekaru ne, kafin azahar ya zama toka. Ba takardar bincike ko ɗaya da aka buga daga cikinsa.

Bayan shekaru, ina gab da ritaya, aka turo wani matashin likita, mai ladabi, mai zafin nama. Na'urarsa a jakar hannu take, ba takarda ba tawada, komai a kwamfuta. Ya samo tallafi zai yi bincike a kan barcin masu taɓin hankali, ya ce mini da murna ba a taɓa yin irinsa a wannan yanki ba. Na ce an yi. Ya ce ina aka buga. Na ce ba a buga ba. Ya ce to a wurin masana ba a yi ba ke nan. Bai faɗa don cin fuska ba, dokar sana'ar ce. Ya roƙe ni, tunda mutane sun san ni, in je ƙauyuka in jawo masa su. Na ga yaron da gaske yake, kuma marasa lafiya na nan ba su ragu ba, sai na yarda.

Katagum na fara zuwa, don ba mai kawo ɗan uwansa daga bakin kogi sai Alhaji Sabo ya ce a kawo. Na same shi a rumfarsa ana ɗaure kwandunan kifi. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Na tambayi Hajara, ya ce ta koma gidan iyayenta da yaran, babban ne kawai ke wurinsa. Ya ce akwai wani ƙaninsu ma da abin ya fara taɓawa, yana cikin gida. Ban tambayi yadda suke riƙe da shi ba, na ji ƙarar ƙarfe daga bayan katanga. Na yi masa bayanin sabon likita, da sabuwar na'ura, da maganin da za a riƙa bayarwa kyauta muddin ana binciken. Ya saurara har na gama, yana jan carbi.

"Shi wannan likitan, shekara nawa zai yi?"

Na ce ban sani ba.

"To in ka sani, ka dawo."

Ya sa aka ƙunsa mini kifi, ya koma kan kwandunansa. Likitan bai cika shekara biyu ba. Ban koma ba.